Sanyin Gaɓar Taliya

"Gwaggo, ki ce mashi barci nike yi!"

"Barci da la'asar sakaliya? Tashi ki tahi ki gan shi, ɗiyata. Ko ba don komi ba ki sha kallo... takalmanga da yas sanyo, wallahi sai ki ce kofaton jaki!"

Zulaihatu ta ja tsaki, ta ci gaba da ninke zanen goyon da ta riga ta ninke har sau biyu.

Wata goma cur ke nan tun ranar da Hayatu, ɗan ƙanen ubanta kuma mijinta, ya bar ta da cikin wata biyu ya bi wani Bature da mutanen Sakkwato ke kira Mai Tari zuwa bayan teku. Shekara goma sha ɗaya kacal da shigowar Nasara garin, gyambon bai ko warke ba a zukatan manya. Amma wai ɗan gidan malamai na Ƙofar Atiku, marayan da ubanta Malam Sodangi ya rena ya karantar da hannunsa, shi ne ya ɗauki alƙalami da tawada ya bi Nasara zungui-zungui kamar raƙumi da akala.

Ta haihu ba ya nan. An yanka ragon suna ba ya nan. Ranar sunan ma da kunnenta ta ji wata tana raɗa wa wata: "Ayya, matar yaron Nasara." Ta haɗiye maganar tare da kunun kanwa.

"Ki tashi nic ce!" Gwaggo Lantana, ƙanwar Malam, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, ta karɓe jaririyar daga gefenta. "Tahi ki wanke shi tas, ki dawo."

Yana tsaye a shigifa lokacin da ta shigo. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rigar da a da take cika shi yanzu sai ka ce a jikin sanda aka rataya ta. Zuciyarta ta buga sau ɗaya da ƙarfi. Ta ji haushin zuciyar, ta zauna can bakin ƙofa ta ba shi gefen fuska.

"Zulai..."

"Zulaihatu sunana."

"Sanyin idona..."

"Ahaf! Sanyi bai ishe ka ba can inda kat tahi? Ai na ji an ce ƙasar sanyi ta."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, "Ya... baƙuwar tamu?"

"Ta zama 'yar gari. Kai na baƙo." Ta dube shi sama da ƙasa, ta tsaya a kan baƙaƙen takalman. "Wace ƙasa ma anka ce kat tahi?"

"Italiya. Mu ce Taliya."

"Taliya?" Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta da daɗi. "Taliya dai ta Larabawan Kano, da ake ci da miya? Ka bar matarka da ciki, ka bar wanda yar rene ka cikin kunya, ka tahi ƙasar da ba ta sami suna ba sai na abinci! Sannu da ƙoƙari, Malam Hayatu!"

"Ki saurare ni..."

"Alƙali za shi saurare ka. Yaya Lawwali ya kai magana. Ranar Alhamis za a raba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ke kina so a raba?"

"Abin da Baba yac ce shi za a yi."

"Ba shi nit tambaye ki ba."

Ta miƙe ta gyara lulluɓi.

"Yau Litinin," ya ce da sauri. "Ki ba ni la'asar biyu. Gobe da jibi. In zo nan in zauna, ko ba ki tanka ba."

"Shigifa ta kowa ta. Ko akuya na shigowa ta sha inuwa."

Ta shige gida ba ta waiwaya ba.

Washegari ta rantse ba za ta fita ba. Da la'asar ta yi, sai ta sami kanta a bakin ƙofar shigifa da faifai da zare a hannu, wai hasken nan ya fi na ɗaki. Gwaggo Lantana kuwa ta ja tabarma ta zauna ta bayan ƙofar, don kada a ce an bar su su kaɗai, don kuma kada labari ya wuce ta.

"To, mutumin Taliya," in ji Zulaihatu, idonta a kan ɗinkin faifai. "Ba mu labarin aljannar da tah hi Sakkwato."

"Aljanna?" Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Likita yac ce ma Mai Tari in yay yi hunturu a ƙasassu, huhunshi ba shi kai bazara. Sai anka ce shi tahi gaɓar Taliya, wai can akwai rana. Rana! Zulai, abin da suke kira rana can, ko tsumma ba ta busarwa."

"Ai sai ka kai masu tamu."

"Ƙauye ukku munka zauna, duk a bakin teku. An liƙa su ga dutse kamar gidan zanzaro. Gida bisa gida, gida bisa gida. Ba tsakar gida, ba danga. Na sama in yaz zubda ruwan wanki, bisa kan na ƙasa. Hanyassu ba ta ɗaukar jaki biyu, kuma duk matakala ta, in ka hita neman gurasa sai ka hau abin da yak kai hasumiya."

"Gidan zanzaro..." Ta taɓe baki. "Shi kab bar ɗakina domin shi."

Ya ci gaba da labarinsa.

"Mu nan sanyi daban, damina daban. Su can sun haɗa baki. Ruwa na zuba, iska na yanka, teku na ruri dare da rana kamar an ɗaure zaki da yunwa. Ruwan toka-toka, ba ka ganin ƙarshenshi. Masuntansu sun jawo jirage sun kihe bisa tudu, sun zauna suna ɗinkin taru, suna kallon ruwa sai ka ce zaman makoki. Masaukan baƙi duk a kulle, wai sai da bazara ake zuwa. Mu kaɗai na mahaukatan da sunka zo. Mai masauki da yag ga Mai Tari, rusunawa yay yi har hularshi ta hwaɗi."

Allurar ta tsaya a hannunta.

"Bature na rusuna ma Bature?"

"Talakawa na, Zulai! Hwarare tas, amma wani ko takalmi ba shi da shi. Wanda kig gani nan yana taƙama yana tsawa, can ɗan'uwanshi na roƙon guntun taba. Na ga tsohuwa da tak kai Gwaggo shekaru, da gammo bisa kai, tana ɗaukar duwatsu tana hawan tudu..."

"Kai, kai, kai!" Muryar Gwaggo ta fito ta bayan ƙofa. "Hidda ni cikin kahirai, ɗan nema!"

Zulaihatu ta cije leɓe don kada murmushi ya tona mata asiri.

"Kai kuma ina sunka aje ka? Bisa gadon ƙarhe, ko? Yaron Nasara guda!"

"Ƙarƙashin matakala. Ni da alhwadarin mai masauki, katanga guda ta raba mu. Wallahi har godiya nike mashi, don ta wajenshi ɗumi ke zuwa. In na hita, tsohhi su ja baya suna zana alama ga ƙirji. Wata ta lashi yatsa ta goga min ga hannu, ta ga ko baƙin na hita. Nama ban ci ba tun da nib bar jirgi, sai kihi da gurasa da taliyar da kike zagi. A ƙauye na biyu kwana tara rana ba ta hito ba. Ban san gabas ba, Zulai. Ni Hayatu, ina tsaye bakin teku da buta, ruwan alwala kamar wuƙa, ban san inda zan huskanta ba."

Ta ja zaren da ƙarfi.

"Wa ya aike ka?"

Ya ɗago ya dube ta, ya sake sunkuyawa.

"Amma na ga zaitun," ya ce.

Ta juyo gaba ɗaya ba ta sani ba. Tun tana 'yar shekara biyar take karanta sunansa a allo, ba ta taɓa jin wanda ya gan shi tsaye da saiwarsa ba.

"Ƙarya kake!"

"Na rantse. Gajeren icce na, murɗaɗɗe, ganyenshi kamar an barbaɗa toka. Cikin sanyin nan shike nuna. Mata na durƙushe suna tsinta, yatsu sun yi jawur. Nid ɗauki guda, niy yi bisimilla, nis sa baki..."

"Sai mi?"

"Ɗaci! Maɗaci ma ya yi ƙarya! Ashe sai an jiƙa da gishiri kwana da kwanaki. Matan nan sunka yi ta dariya har da riƙe ciki."

Dariyar ta zo mata har baki. Sai ta tuna, fuskarta ta koma kamar an zare fitila.

"Madalla. Kai ka ga zaitun. Ni kuma mutuwa nig gani. Kwana biyu ina durƙushe ina naƙuda, ungozoma har ta ce a kira Baba a yi min addu'ar ƙarshe. Ka san wa nike kira? Kai! Gaban Gwaggo, gaban kowa, na aje kunya ina kiran sunanka, kai kuwa kana can kana ba matan Nasara dariya!"

"Zulai, don Allah..."

"Tambaya guda. Mi yak kai ka?"

"Ban yi maki ƙarya, da hwarko raina ya ɗan so ganin duniya. Kwana ukku cikin jirgi abin yah hice min. Amma ba shi yak kai ni ba."

"To mi?"

"Ban iya hwaɗi."

"Ba ka iya hwaɗi." Ta tattara faifanta. "Namijin da ba shi iya hwaɗin dalilin barin matatai, ban ga amhwanin gemunshi ba."

Ranar Laraba bai zauna ba ma. Yana tsaye da gafaka sabuwa ta jar fata a hammata. Da ya miƙo mata, ta lura da yatsun hannunsa na dama. Duk tabon tsagewa ne, na tsakiyan ya yi kanta har ya karkace. Ya yi maza ya mayar da hannun cikin riga.

"Ki kai ma Baffa. Sau huɗu ina sallama a zaure, shina cewa a ce min kar in ɓata mashi buzu."

"Mi na ciki? Tsarabar kihi?"

"Ki dai kai mashi, hannu da hannu." Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu. "Gobe zan zo gaban alƙali. Abin da kic ce, ba ni musu."

Ta so ta wuce kai tsaye turakar Malam, amma ƙafarta ta kai ta ɗakinta. Ta kwance igiyar gafakar.

Layin farko kawai ta karanta, ta gane shi.

Littafin Malam Maigandi ne, kakan ubanta. Littafin hukuncin gado da waƙoƙin wa'azi, wanda ya rubuta da hannunsa tun zamanin da ake gina ganuwar gari, abin alfaharin gidansu kaf. A kansa ta koyi karatun ajami, tana zaune gefen buzun ubanta. Shekara uku da suka wuce ya ɓace daga sandukin Malam. Da dangi suka tambaya, ya ce wani malami a Gwandu ya ara. Har yau dattawan dangi ba su daina tambayar ranar dawowarsa ba.

Amma wannan ba shi ba ne. Takardar fara ce sol, irin ta Turawa, rubutun kuwa ko a mafarki ta san shi. A shafukan farko yana tafiya tsaf kamar jerin tururuwa. Zuwa tsakiya ya soma karkacewa, haruffa suna rawa, wani wuri tawada ta baje, wani wuri ɗigon jini ya bushe a gefe. Ganye sama da ɗari uku. A na ƙarshe an rubuta: an kammala a wani ƙauye na bakin teku, ƙasar Taliya, cikin tsananin sanyi, da hannun Hayatu mai fatan gafara.

Ta daɗe a zaune. Sannan ta mayar da shi, ta nufi turaka.

Malam Sodangi yana kishingiɗe da tasbaha, rawaninsa fari ƙal a kansa yana jiran kiran magariba. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, saƙo na. Daga... shi."

"Na ce kar a shigo min da komi nashi! Ƙazantar Nasara..." Idonsa ya faɗa kan gafakar, maganar ta yanke. Ya tashi zaune da saurin da ba ta san yana da shi ba, ya fizge ta, ya zazzage.

Ya ɗaga ganye ɗaya. Ya ɗaga na biyu. Fuskarsa ta murtuke.

"Mi na wanga? Takardar Nasara! Rubutun hannunshi, kamar kaza ta yi tonon shara! Ina na asalin? Na aike shi shi karɓo min littahin kakana, shi kuma shi kwaso min wanga shirme..."

Ya kama bakinsa, amma maganar ta riga ta fita.



"Baba..." Muryarta ta fito siririya. "Kai ka aike shi?"

"Tashi ki ba ni wuri."

Ba ta tashi ba. Abubuwa suka riƙa haɗuwa a kanta ɗaya bayan ɗaya. Littafin ya ɓace a watan Rajab. A watan Sha'aban ɗin da ya biyo baya wanta Yaya Lawwali, wanda ko wasiƙa ba ya iya rubutawa sai da gyara, ya sami aikin magatakarda a gidan alƙali. Kuma Mai Tari ne ya sa baki.

"Ba malamin Gwandu ke nan," ta ce. "Mai Tari kab ba. Don Yaya Lawwali."

"Aro nib ba shi! Yac ce wata guda!" Malam ya rage murya, yana duban ƙofa. "Da nij ji za shi ƙetare teku da shi, mi kike so in yi? Dangi sun tasa ni gaba. Nic ce ma yaron shi bi shi, shi lallaɓa shi karɓo."

"Kuma da gari yas soma zagi, kai kaf fara."

"To in tashi gaban zaure in ce ni Sodangi na miƙa ma Nasara littahin Maigandi? Wa za shi sake bi na salla? Shi yaro na, zagi ba shi kama shi kamar yadda za shi kama ni. Shekara biyu an manta!"

"Aurena hwa, Baba?"

"In ban raba ba, za a ce da yardata yat tahi."

Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo. Rawanin nan da take ganin kamar ya taɓa sama, yau ta ga ƙyalle ne kawai aka naɗa. Ta nemi fushi a ranta ba ta samu ba. Abin da ta samu raini ne, mai sanyi, ya zauna daram. Ya ba ta tsoro har ta yi istigfari a zuci, amma bai motsa ba.

"Ba ni tona maka asiri, Baba. Har in koma ga Allah ba mai ji a bakina." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Amma gobe ba ni zuwa gaban alƙali."

"In kin hita gidanga, kin zaɓa!"

"Kai kaz zaɓa min shi, ranar da kad ɗaura muna aure. Ni ban ga laihin da yay yi ba." Ta kai hannu ga takardun. "Tunda shirme na, bari in mayas mashi."

Caraf ya dafe su da hannu biyu.

"Bar shi nan."

Ta dubi hannayen nan masu laushi da suka danne rubutun. Ta miƙe ta fita.

Da hantsin Alhamis ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Gwaggo Lantana ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kira ta mara zuciya, ta tambayi dalili har sau goma ba ta sami amsa ba. Da ta ga da gaske ne, sai ta fizgi jaririyar ta saɓa a baya tana ƙunƙuni.

"Ban bari a ce ɗiyar gidanga ta hita da rana tsaka ita kaɗai kamar korarra. Wuce mu tahi, ja'ira!"

Daga Ƙofar Atiku zuwa Ƙofar Dundaye, inda gidan aurenta yake, ba wata tafiya ba ce, amma ranar ta yi mata tsawo. Masu zaman dakali suka bi su da ido. Wata mai tallar fura ta ce da ƙarfi, don a ji, "Ikon Allah! An koma ga yaron Nasara!" Zulaihatu ta dube ta ta cikin lulluɓi, irin kallon da ake yi wa ƙuda a bakin ƙwarya, ta wuce.

Gidan nasu ya sha damina ba mai kula. Katangar gabas ta zube rabi, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gida. Hayatu yana zaune a bakin ɗaki cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya yi shirin zuwa gaban alƙali. Da ya gan su ya miƙe zumbur, ya dubi ƙunshin da ke kanta, ya dubi ƙasa.

"Kin zo kwasar sauran kayanki? Suna nan yadda kib bar su, ban taɓa..."

"Wawa!"

Ya ɗago.

"Wawa nic ce! Sakarai! Miƙo hannunka!"

Gwaggo ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta koma can gindin katanga tana jijjiga goyo. Zulaihatu ta sauke ƙunshin, ta kamo hannun daman nasa ta juya shi, ta rage murya.

"Wata nawa?"

"Baffa ya hwaɗa maki?"

"Bakinshi yas suɓuce. Wata nawa nic ce?"

"Ukku da kwana goma." Ya sauke numfashi kamar wanda aka sauke wa dutse. "Mai Tari ya ƙi ba ni. Yac ce wani gidan littattahai za shi kai a ƙasassu. Niy yi roƙo har da durƙuso, sai yay yarda in kwahe. Kullum in anka hidda shi shan iska cikin bargo, ni in zauna bakin taga in yi ta rubutu har haske shi ƙare. Wata rana alƙalami ma ba ni iya riƙewa, sai na sa yatsu ga wuyan alhwadari sun yi ɗumi."

"Kuma kad dawo kana ji ana zaginka, ina zaginka, kay yi gum!"

"Na dafa mashi Alƙur'ani ba ni hwaɗa ma kowa, Zulai. Kuma shi yar rene ni. Ina ɗan shekara huɗu yad ɗauke ni..."

"Ai shi ya sa nic ce wawa! Da yau ka tsaya gaban alƙali an raba mu, kana kallo, don rantsuwar da anka ɗaura maka da zalunci! Wallahi har yanzu ina jin haushinka... ina jin haushinka, Yaya..."

Muryar ta karye. Ta kifa goshi a kan tabon yatsun nan ta fashe da kuka, irin wanda ta riƙe wata goma.

"Yi haƙuri, ƙanwata... yi haƙuri, abar ƙaunata. Ba ranar da tekun nan bai ji sunanki ba." Shi ma hawayen ne. "Amma ki sani, garinga ba su daina zagina. Gaskiyar ba ta hita har abada. Kin iya?"

"Su zage mu tare. Wa ad da lokacinsu?"

"Baffa hwa?"

"Ubana na. Zan gaishe shi ranar salla, in ya amsa to, in bai amsa ba to." Ta share fuska da bakin mayafi. "Kar ka sake tambayata shi yau."

"Kun gama?" Gwaggo Lantana ta tako tana kwance goyo. "Ni ban san abin da kuke ƙus-ƙus ba, ban kuma son sani. Bayana ya gaji. Kai, ungo kayanka!"

"Gwaggo, ɗiyar hwari ta... da kunya..."

"Kunya? Wanda yak kwana da alhwadari shike maganar kunya? Riƙe!"

Ta dangwara masa 'yarsa Sadiyatu a hannu. Ya riƙe ta a sandare kamar an ba shi ƙwan jimina. Jaririyar ta buɗe ido, ta ga baƙuwar fuska da gemu, ta cika ciki da iska ta tsala ihun da ya tashi kajin maƙwabta.

"Zulai! Zulai, karɓe ta, ba ta san ni ba!"

Zulaihatu ta mayar da hannayenta baya, idonta jawur, bakinta yana rawa tsakanin kuka da dariya.

"A'a. Wata ukku ina jin wanga ihu ni kaɗai. Riƙe ta har ta san ka."

Ta ɗauki tsintsiyar da ke jingine a bakin ƙofa, ta shige ɗakinta.